Suna da Baƙunta a Wikipedia: Ƙa'idojin Zaɓen Suna da Ladabin Sabon Shiga, da Misalai daga Kademi

1.0 GABATARWA

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi bayani a kan abubuwa biyu da duk mai son sa hannu cikin aikin Wikipedia zai fara cin karo da su, watau sunan da zai shiga da shi, da kuma ladabin da ke tsakaninsa da waɗanda ya tarar. Wikipedia dai kundin sani ne, ko insakulofidiya, wanda Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe a intanet ranar 15 ga Janairu, 2001. Abin da ya bambanta shi da kundayen da muka saba gani a ɗakunan karatu shi ne babu wani kwamitin masana da aka naɗa don rubuta shi. Kowa yana iya buɗe shafi ya rubuta, ko ya gyara abin da wani ya rubuta. Gidauniyar Wikimedia, wadda aka kafa a Amurka a 2003, ita ke riƙe da na'urorin, amma rubutu da gyara da yawancin dokokin aiki suna hannun 'yan sa kai. Yau akwai kundin cikin harsuna fiye da 300, har da Hausa.

Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu shi ne wani zama da na yi a lokacin hutu da ɗalibaina su takwas, 'yan asalin Kademi da Gaya da Ajingi a gabashin Jihar Kano. Kademi gari ne a cikin Ƙaramar Hukumar Gaya, Ajingi kuwa maƙwabciyarta ce. Ɗaliban sun nuna sha'awar rubuta abin da ya shafi garuruwansu da Hausa, to amma kafin mu rubuta ko jimla ɗaya sai da muka shafe kusan awa guda muna gardama a kan suna. Wasu suka ce a buɗe asusu ɗaya da sunan ƙungiyarsu ta ɗalibai, kowa ya riƙa shiga da shi. Wani ya so ya ɗauki sunan wata sarauta ta gidansu, ɗaliba guda kuma ta ce ita sam ba ta yarda sunanta na yanka ya fito a fili ba.

Ra'ayin da zan kare a nan shi ne cewa waɗannan ƙa'idoji sun ginu ne a kan tushe guda, watau kowane rubutu ya kasance yana da mutum ɗaya da za a tambaya game da shi, kuma al'adar Bahaushe ta suna da ta baƙunta tana da abin da za a bayyana su da shi ga sabon shiga ba tare da an firgita shi ba. Sunayen da zan kawo cikin misalai na ƙaga su ne don bayani kawai.

2.0 MATSAYIN SUNA A CIKIN KUNDIN

Kafin mu shiga ƙa'idojin, ya kamata mu san dalilin da ya sa aka ɗauki suna da muhimmanci haka. Kowane shafi na Wikipedia yana da tarihinsa, inda ake ajiye duk gyaran da aka yi masa, tare da sunan mai gyaran da rana da lokaci. Ko waƙafi mutum ya ƙara, yana nan a rubuce. Bugu da ƙari, rubutun kundin yana ƙarƙashin lasisin Creative Commons ne, wanda ya ba kowa damar kwafa da yaɗawa bisa sharaɗin a ambaci waɗanda suka rubuta. Saboda wannan sharaɗi ne ba a share asusu bayan an yi aiki da shi. Ana iya neman a sauya suna, akwai kuma 'yan sa kai da aka ba ikon yin haka, amma tsohon sunan yakan saura a rajistar sauyin da kuma a ƙarshen maganganun da mutum ya riga ya sa wa hannu.

Abu na biyu shi ne sunan ba ya tsayawa a sashen Hausa kaɗai. A watan Afrilu na 2015 aka kammala haɗe asusun dukkan ayyukan Wikimedia, ta yadda suna ɗaya ya zama na mutum ɗaya a ko'ina. Watau ke nan sunan da ɗalibi ya zaɓa yana zaune a Kademi shi ne zai bi shi zuwa sashen Ingilishi da na Larabci da na Faransanci, da rumbun hotuna na Wikimedia Commons. Kowane sashe yana da ikon tsara dokokinsa, don haka sunan da ya wuce lafiya a wani wuri yana iya gamuwa da cikas a wani. Bahaushe ya ce suna linzami ne. A nan kuwa linzamin yana da tsawo ƙwarai.

Ana iya yin gyara ba tare da an buɗe asusu ba. A da, lambar layin intanet ɗin mai gyaran ce ke bayyana a madadin suna, sai daga 2024 Gidauniyar ta fara maye gurbin wannan da asusun wucin gadi don kare sirrin mutane. Duk da haka, wanda yake nufin ya daɗe cikin aikin yana bukatar suna tsayayye, domin da shi ake sanin mutum har a amince da shi.

3.0 IRE-IREN SUNAYEN DA BA A KARƁA

Sashen Ingilishi yana da cikakkiyar doka a rubuce game da sunaye, kuma da yake sunan mutum zai kai shi can ko ba jima ko ba daɗe, ita zan bi wajen kasa su gida huɗu.

(a) Suna mai ruɗi. Wannan shi ne sunan da ke sa a zaci mutum yana da wani matsayi da ba shi da shi. Ba a yarda mutum ya sa kalmar admin cikin sunansa ba don kada a ɗauka mai gudanarwa ne, haka kuma kalmar bot, wadda aka keɓe wa manhajojin da ke yin gyara da kansu. A wannan gida ne kuma ake sa ɗaukar sunan wani sanannen mutum, ko sunan da ya yi kama ainun da na wani edita.

(b) Suna na talla. Sunan kamfani ko shago ko wata haja ko ƙungiya, musamman idan mai sunan ya shiga rubutu a kan abin da sunan yake nufi. Kundin sani ba allon talla ba ne.

(c) Suna na tarayya. Asusu na mutum ɗaya ne, ba a karɓa-karɓa da shi. Saboda haka ba a son sunan da ke nuna jama'a ko muƙami, kamar a ce Matasan Kademi ko Sakataren Ƙungiya, domin matasa suna da yawa, sakatare kuwa yau wannan ne gobe wancan. Idan aka sami ɓarna a shafi, ba a san wanda za a tuhuma ba. Idan kuma aka toshe asusun, mai laifi da marar laifi duk sun shiga ciki. Amma an yarda mutum ya haɗa sunansa da na wurin aikinsa, a ce Ladi ta makaranta kaza, tun da ya nuna mutum guda.

(d) Suna na cin zarafi. Zagi da batsa da cin mutuncin wata ƙabila ko addini ko wani mutum duk sun shiga nan. A Hausa ya kamata mu ƙara da habaici da zambo, waɗanda wanda ba Bahaushe ba ba zai gane su ba, amma ɗan gari yana gani ya san inda aka dosa.

Ban da waɗannan akwai 'yan sharuɗɗa na na'ura. Ba ta karɓar wasu alamomi kamar # da / da @ a cikin suna, tana mayar da harafin farko babba, tana kuma bambanta babban harafi da ƙarami a sauran sunan. Har wa yau, ba ta barin a buɗe asusu fiye da 6 daga layin intanet ɗaya cikin awa 24. Wannan ya same mu a zaman da na ambata, domin duk wayata muka jona, sai ɗalibai biyu suka rasa. Malamin da zai shirya irin wannan zama sai ya umarci kowa ya buɗe asusunsa tun daga gida.

4.0 ƘA'IDOJIN A MA'AUNIN AL'ADAR BAHAUSHE

4.1 Sunan gari

Tun zamanin da aka fara karatun boko a ƙasar Hausa, al'ada ce ɗalibi ya jingina sunansa ga garinsu. Ta haka muka sami Aminu Kano da Shehu Shagari da Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Don haka ba abin mamaki ba ne ɗalibi ya so ya kira kansa Tanko Kademi ko Ɗan'ajingi. Dokar ba ta hana wannan ba, domin suna ne na mutum ɗaya. Inda matsala take shi ne mutum ya ɗauki sunan da zai sa a ga kamar da yawun gari duka yake magana. Sa'an nan kuma ya kamata ya tuna cewa a gari irin Kademi, sunan yanka haɗe da sunan gari ya isa a kai baƙo har ƙofar gidansu.

4.2 Sarauta da laƙabin girma

Bahaushe mutum ne mai girmama muƙami, yana kuma jin nauyin kiran babba da sunansa tsirara. Malam da Alhaji da Hajiya da Dakta ba haramtattu ba ne a cikin suna. Sarauta kuwa daban take. Wanda ba dagaci ba ya kira kansa Dagacin Kademi ya faɗa gidan ruɗi, wanda kuma yake riƙe da sarautar ma ya ɗauki sunan muƙami ne wanda wata rana zai koma hannun wani.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne laƙabi ba ya ƙara wa maganar mutum nauyi a cikin kundin, dalili kuwa shi ne ba a iya tabbatar da shi. A 2007 asirin wani edita mai suna Essjay ya tonu a sashen Ingilishi. Ya daɗe yana cewa shi farfesa ne na ilmin addini, har yana kafa hujja da haka a wajen gardama, ashe saurayi ne ɗan shekara 24 wanda ba shi da waɗannan digirori. Darasin da ke ciki ya shafe mu malamai musamman: idan ɗalibinka ya kawo madogara kai ba ka kawo ba, maganarsa ce za ta tsaya.

4.3 Alkunya da sakaya suna

Ɗalibar da ta ƙi bayyana sunanta ta fi sauran gaskiya, al'ada ma tana bayanta. Mun san uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace ba ta kiran sunan mijinta ko na surukinta, yaron da aka sa wa sunan kakansa kuwa sai a riƙa ce masa Abba ko Baffa. Muna da sunayen rana irin su Ladi da Talatu da Balarabe da Ɗanjuma, da na yanayin haihuwa irin su Gambo da Tanko da Auta. Mutum yana iya tsufa da laƙabi ba tare da maƙwabtansa sun san sunansa na yanka ba, kuma ba wanda ya taɓa cewa ya yi yaudara. Haka abin yake a Wikipedia. An yarda da laƙabi, muddin mutum ya tsaya a kan guda ɗaya.

Amfanin sakaya suna yana fitowa ne idan aka zo batun da ake taƙaddama a kansa. A 2019 gwamnatin Jihar Kano ta kafa sababbin masarautu huɗu, watau Bichi da Gaya da Ƙaraye da Rano. A watan Mayu na 2024 aka soke dokar da ta kafa su, a watan Yuli na shekarar kuma aka kafa Gaya da Ƙaraye da Rano a matsayin masarautu masu daraja ta biyu. Ɗan ƙasar Gaya da ya rubuta wannan tarihi, ko da ya yi iyakar adalci, zai sami wanda bai ji daɗi ba, kuma wannan mutum yana iya zama kawunsa ko shugabansa a wurin aiki. A wasu ƙasashe ma abin ya kai ga shari'a: a 2024 wani kamfanin dillancin labarai ya kai ƙarar Gidauniyar Wikimedia a Babbar Kotun Delhi ta Indiya, yana neman a bayyana waɗanda suka gyara shafinsa. Sabon shiga yana da haƙƙin ya san wannan tun kafin ya zaɓi suna.

4.4 Haruffa masu lanƙwasa da ajami

Na'urar tana karɓar ɓ da ɗ da ƙ, tana kuma karɓar suna da haruffan Larabci, don haka mai son rubuta sunansa da ajami yana iya yi. Sai dai wanda ya sa harafi mai lanƙwasa ya tabbata zai iya buga shi a duk wayar da zai shiga da ita, domin a wurin na'ura Ɗanladi da Danladi sunaye biyu ne.

5.0 LADABIN SABON SHIGA

Bayan suna sai shiga gida. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Ga abubuwan da ake bukata daga baƙo.

Na farko, ya karanta kafin ya rubuta. Ya duba maƙalolin da aka yi a kan garuruwa irin nasu ya ga tsarinsu, ya fara da ƙananan gyare-gyare, ya kuma yi amfani da shafin gwaji kafin ya fitar da sabuwar maƙala. Duk gyaran da ya yi, ya rubuta 'yar gajeruwar sanarwa a gurbin da aka tanada, kamar a ce na gyara ƙa'idar rubutu, ko na ƙara madogara.

Na biyu, ya zo da madogara. Wannan shi ne ya fi yi wa ɗalibaina wuya, domin mafi yawan abin da suka sani game da garuruwansu daga bakin tsofaffi suka ji shi. Kundin kuwa ba ya karɓar sabon bincike, sai abin da aka riga aka buga a littafi ko mujalla ko jarida da ake dogara da ita. Labarin Abagayawa, maƙeran da ake cewa sun taso daga Gaya zuwa Dutsen Dala neman tama, yana iya shiga domin masana tarihi sun rubuta shi, haka kuma ambaton Gaya a cikin Tarihin Kano da H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908. Amma labarin da kakan ɗalibi ya ba shi game da asalin wata unguwa a Kademi, ko da gaskiya ne, sai ya jira a buga shi a wani wuri tukuna.

Na uku, ya rubuta ba tare da ɗaukar ɓangare ba. Kirari da yabo suna da wurinsu a adabinmu, amma maƙalar kundin sani bayani take bukata. Ya guji rubutu a kan kansa ko mahaifinsa ko maigidansa. Idan kuwa biyansa aka yi don ya rubuta, sharuɗɗan amfani na Gidauniyar, kamar yadda aka gyara su a watan Yuni na 2014, sun wajabta masa ya bayyana wanda ya biya shi.

Na huɗu, ya san inda ake magana. Kowace maƙala tana da shafin tattaunawa, kowane edita ma yana da nasa. A nan ake kawo ƙorafi, a kuma rufe magana da alamar ~ guda huɗu, waɗanda na'ura ke mayarwa suna da kwanan wata. Idan wani ya soke gyaransa, ya je ya tambayi dalili, kada ya mayar da shi da ƙarfin tsiya. A sashen Ingilishi, wanda ya soke gyaran wasu fiye da sau 3 a shafi ɗaya cikin awa 24 yana fuskantar toshewa. Buɗe asusu na biyu don ya goyi bayan na farko a wajen gardama kuwa yaudara ce da ke cikin manyan laifuffuka.

6.0 HAƘƘIN BAƘO A KAN 'YAN GIDA

Ladabi ba a wuyan baƙo kaɗai yake ba. Sashen Ingilishi yana da ƙa'idoji biyu sanannu a kan wannan, ɗaya tana umarni da kyautata zato, ɗaya kuma tana hana yi wa sababbin shiga tsawa. Akwai dalili mai ƙarfi a bayansu. Yawan masu gyara a kai a kai a wannan sashe ya kai ƙololuwa a 2007, daga nan ya fara raguwa. Wani nazari da Aaron Halfaker da abokan aikinsa suka buga a 2013 ya nuna cewa masu shigowa da kyakkyawar niyya ba su daina zuwa ba, sai dai an ƙara yawan soke gyaransu na farko, sau da yawa ta hanyar manhajojin tsaro da saƙonnin gargaɗi shiryayyu, kuma wanda aka yi wa haka ba kasafai yake dawowa ba. Irin wannan damuwa ce ta sa aka buɗe zauren amsa tambayoyin sababbi mai suna Teahouse a 2012. A watan Disamba na 2020 kuma hukumar amintattun Gidauniyar ta amince da kundin ɗa'a na bai ɗaya da ya hau kan dukkan sassa, har da na Hausa, wanda ya hana tsangwama da cin zarafi.

Ko a batun suna, dokar ta ce idan kuskuren ba na ganganci ba ne a fara yi wa mutum magana a ba shi damar sauyawa. Toshewa nan take ta masu zagi ce da masu talla ƙiri-ƙiri. Da ɗalibaina sun buɗe asusu da sunan ƙungiyarsu, da rashin sani ne ya sa su, da kuma kyakkyawar al'adar nan ta aikin gayya. Idan abin da suka fara gani shi ne jan gargaɗi da aka fassara kalma da kalma daga Ingilishi, ba sallama ba gaisuwa, to da wuya su sake leƙowa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Sashen da yake da dubban editoci yana iya jure asarar mutum takwas, amma idan waɗannan takwas ɗin su ne masu niyyar rubutu a kan Kademi da ƙauyukan Ajingi, korarsu tana nufin shafukan nan za su daɗe ba a rubuta su ba, ko kuma wanda bai taɓa taka ƙasar ba ya rubuta su.

7.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda mun ga dalilin da ya sa suna yake da nauyi a Wikipedia, da ire-iren sunayen da ba a karɓa, da inda ƙa'idojin suka dace da al'adarmu da inda suke bukatar bayani, sa'an nan muka duba ladabin baƙo da na mai masauki. Bisa ga haka ina ba da shawarwari uku.

1. Masu aiki a sashen Hausa su riƙa bayyana ƙa'idar suna da misalan gida, watau sunan gari da sarauta da laƙabi da habaici, su kuma fara saƙonsu ga sabon shiga da gaisuwa kafin gyara.

2. Malaman kwalejojin ilmi da ke son sa ɗalibai wannan aiki su keɓe darasi guda ga batun suna da sirri kafin a buɗe asusu, su bar kowane ɗalibi, musamman mata, ya zaɓi bayyana sunansa ko sakaya shi.

3. Sassan Hausa da na Tarihi su ƙarfafa tattara tarihin baka na ƙananan garuruwa da buga shi a mujallu da kundayen taro irin wannan, domin abin da muka buga yau shi ne madogarar da ɗan Kademi zai kafa gobe.

Ɗalibaina dai a ƙarshe kowa ya buɗe asusunsa shi kaɗai, biyar da laƙabi, uku da sunayensu. Ina fata mahalarta wannan taro za su gwada abin a makarantunsu, su kuma gyara mini inda na yi kuskure.